Kyamara Mai Gane Ido

Ko da zan manta da ranar da na fara aiki, ba zan taɓa mantawa da sunan ɗan ƙanwata Rabi ba, wanda aka yi a Jakara. Har yau idan hanya ta bi da ni ta lungun sai na ji ƙafafuna sun ƙara sauri da kansu.

Ni malamin firamare ne, a Zaitawa nake zaune, kuma tun ina yaro nake sha'awar ɗaukar hoto. Da waya nake yi, har wata rana na ga wayar ta yi mini kaɗan (ba wanda ya gaya mini haka, ni na yanke wa kaina hukunci). Sai na ƙudura zan sayi kyamara ta gaske, irin ƙananan nan marasa madubi a ciki da 'yan harkar suke kira miralas. Ba ta ƙwararru ba, ta masu koyo, daidai aljihun malamin makaranta.

Wahalar ta fara ne da na gano irin wadda nake so guda biyu ce. Ɗaya ta kwana biyu a kasuwa, farashinta ya sauko. Ɗayar kuma sabuwa ce fil. A ido kusan ba ka bambance su. Na shafe watanni ina kallon bidiyon masu gwada su a intanet, data tana ƙarewa ina sake sakawa. Yau in kwana a kan tsohuwar, gobe in tashi a kan sabuwar. Matata Hadiza ita ta fi kowa shan wahala. Ta kawo abinci, in ce mata, "Kin san batirin tsohuwar ya fi daɗewa?" Washegari in ce, "Amma fa sabuwar ta fi sauri." Ran nan ta dire kwano ta ce, "Malam, don Allah ka sayi ɗaya mu huta. Ni ko wacce ce ba ita za ta yi mini wanke-wanke ba."

Na shiga wani shago a Sabon Gari da niyyar tsohuwar, wallahi da niyyarta na shiga. Mai shagon ya ajiye mini duka biyun a kan kanta, ya ce duk lafiya lau suke. Sannan ya ɗauki sabuwar, ya juyo allonta ta wajena, ya saita fuskata. Sai na ga wani ɗan koren akwati ya zo ya zauna a kan ƙwayar idona. Na matsa dama ya biyo ni, na matsa hagu ya biyo ni.

"Ita wannan ido take nema da kanta," in ji shi. "Inda ta kafa akwatin nan, nan ne zai fito tar. Kai dai danna kawai. Har idon dabba tana ganewa. Tsohuwar ba ta iya wannan ba."

Shi ke nan, bincikena na watanni ya bi iska. Na fito da sabuwar, har da ƙarin lens, gilashin nan da ake ɗaurawa a gaba, irin wanda yake fito da abu ɗaya ƙal ya dusashe duk sauran.

Na koma gida na addabi kowa. Na ɗauki Hadiza tana tankaɗe, na ɗauke ta tana shanya, har ta fara juya mini baya idan ta ga na rataya igiyar a wuya. Da mutane suka gaji da ni sai na koma kan kyanwar maƙwabta, wadda ba ta da bakin ƙorafi. Akwai wurin da ake zaɓar abin da kyamarar za ta nema, mutum ko dabba, na mayar da shi kan dabba, na yi ta bin kyanwar nan a kan katanga. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. (Ka riƙe wannan, mai karatu. Ni ban riƙe ba.)

Ana cikin haka Rabi ta sauka, namiji. Mijinta Auwalu ya ce zai kira mai hoto ranar suna, na ce masa kul. Ga ni, ga kyamara mai gane ido, ya je ya kira wani? Ya ce, "Yaya, ka tabbata? Don akwai hoton da nake so ba na wasa ba."

Ashe yayan mahaifinsa, Baffa Inuwa, zai zo daga Kumasi, inda fataucin goro ya kai shi tun yana saurayi ya zauna. Ya yi shekaru bai taka Kano ba, ga tsufa. Shi kuma mahaifin Auwalu, Alhaji, tsohon ɗan kasuwar Kurmi ne da ba ya son hoto ko kaɗan, in ba na fasfo ba. A duk gidan babu hoton su biyun tare. Auwalu ya yi ta lallashi kafin Alhaji ya yarda za a ɗauke su, sau ɗaya.

Na ce, "Auwalu, ka kwantar da hankalinka."

Ranar suna da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji, lungun ya cika. Dattawa suna gaba, ragon suna yana ɗaure a jikin wani turke a bayansu, fari mai baƙin tabo a ido ɗaya. Ni kuwa na sha sabuwar shadda, ina ta durƙusawa ina miƙewa kamar wanda ya shekara yana aikin. Liman ya ɗaga hannu, na danna. Aka raba goro da dabino, na danna. Hasken rana ya hana ni ganin allon sosai, amma ina hango koren akwatin yana tsalle-tsalle, raina fes. Har wasu samari na tsayar na yi musu bayani: "Ba sai na saita komai ba. Ita take nemo ido."

Da aka shafa addu'a Auwalu ya yi mini alama. Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, yi maza." Baffa Inuwa ya matso kusa da ƙaninsa ya riƙe masa hannu. Na danna. Na leƙa ɗan allon, na ga fararen riguna biyu da huluna biyu, na ce, "Ya yi, Baba."

Da a nan na tsaya, da kunyar tawa tsakanina da Auwalu ce kawai. Amma bayan la'asar, da maza suka taru a falon Alhaji, sai bakina ya ce a haɗa kyamarar da talabijin kowa ya gani. Ba wanda ya roƙe ni. Har ɗan jawabi na yi kafin in kunna, a kan bambancin sabuwar da tsohuwar, da yadda Allah ya taimake ni na zaɓi daidai.

Hoton farko ya fito. Liman ne da hannuwa a sama, amma kamar ana hango shi ta cikin tururin tukunya. A bayansa kuwa ga rago, tar. Kana ganin gashin idonsa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Wannan gwaji ne," na wuce.

Na biyu, rago. Na uku, rago yana tuƙa, wani abu mai kama da Auwalu yana miƙa goro a gefe. Na yi ta dannawa da sauri ko zan tarar da mutum ɗaya da ya fito da fuska. Babu. Ba abin da kake ji a falon sai ƙamshin suyar kayan ciki daga cikin gida, na shi wanda muke kallo a talabijin ɗin.

Sai ga hoton dattawan. Farare biyu, dishi-dishi. A tsakanin kafaɗunsu ragon ya leƙo da kai yana kallon kyamara, cikin natsuwa, kamar shi ne angon ƙarnin.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya ce, "Auwalu, idona ne?"

"Ba idonka ba ne, Baba."

Baffa Inuwa ya miƙa wuya ya ce, "To wancan na dama, ni ne ko kai ne?"

A lokacin na duba kyamarar na ga ɗan hoton kyanwa a kusurwar allon, alamar har yanzu tana kan dabba. Na fara in'ina: "Baba, ai ita kyamarar ce, akwai wani wuri da..."

Alhaji ya katse ni, a hankali. "Ba kai ka ce ita take zaɓar wanda za ta duba ba?"

"Haka ne, Baba."

"To ai ta zaɓa."

Baffa Inuwa ne ya fara fashewa da dariya, har da tari, sannan falon gaba ɗaya ya ɗauka. Ni ma na yi yaƙe. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Auwalu. Ya sunkuyar da kai kawai yana murza hularsa, domin washegari da safe Baffa zai kama hanya. Wannan shirun nasa ya fi dariyar ƙona ni.

Kafin in isa gida labarin ya riga ni, ta ɓangaren mata. Hadiza ta zuba mini naman sunan da aka aiko ta ce, "Ci, ai kun saba."

Washegari da sassafe na koma Jakara. Na tarar an fito da jakunkunan Baffa zaure, shi da Alhaji suna shan koko. Na durƙusa na gaishe su, na ba da haƙuri, na roƙi a ba ni dama in sake. Alhaji bai ko dube ni ba ya ce, "Sau ɗaya na ce, kuma an yi."

Baffa ya ajiye ludayi. Ya kira Alhaji da sunan da ban taɓa jin wani ya kira shi da shi ba. "Haba, Ɗanjuma. Zauna yaron nan ya ɗauke mu. Ni da kai wa ya san ko zan sake zuwa?"

Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

Wannan karon ban yi wa kowa jawabi ba. Na mayar da kyamarar kan mutum, na gani da idona akwatin ya zauna a idon Alhaji, na danna, na faɗaɗa hoton har sai da na ga furfurar gemunsu, na miƙa wa Auwalu shi ma ya duba. Yanzu hoton yana rataye a falon. Baffa kuwa bai shiga mota ba sai da na tura masa na ragon a waya, wai jikokinsa za su so shi.

Abokan aiki sukan tambaye ni, tunda sun ga ina da kyamara, wai sabuwa za su saya ko tsohuwa. Nakan ce musu duk wadda aljihu ya kai ta isa, bambancinsu bai kai watannin da na ɓata ba. Abin da dai na koya shi ne, kada ka yabi na'ura a gaban surukan ƙanwarka kafin ka ga aikinta kai kaɗai a ɗaki. Kuma kafin ka danna, ka leƙa bayan mutanen ka ga ko akwai wanda yake ɗaure.