A Ba Ƙofata Izinin Ƙaura zuwa Madina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Sa Ido kan Masu Gyaran Hali, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Ni ne Suhaibu Yari, wanda aka kama yana tura alhazai a keken guragu ba da izini ba. Alƙali ya tausaya, bai ɗaure ni ba, ya ce in zauna a gidana na unguwar Nakkasa, nan Makka, ƙarƙashin kulawarku, jami'inku yana zuwa duba ni duk Alhamis. Har gobe ina godiya. Ga 'yan ƙananan abubuwan da suka rage.

Na ɗaya. Gidan nan an rushe shi tun bara, tare da duk layinmu. Matata Amatullahi, da tsohon cikinta, ta koma wurin yayanta a Madina. Na roƙi a mayar da kulawata can. Kuka ce sai ofishin Madina ya karɓe ni. Madina ta ce sai ta gan ni ido da ido. Kuka ce in na fita daga Makka na karya sharaɗi. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin ofisoshi biyu masu kara irin wannan ba, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu a kwano.

Na biyu. Tunda doka ta ce a same ni a gida, ranar rusau na roƙi mai katafila ya bar mini ƙofata. Koriya ce, ta ƙarfe. Na tokare ta da bulo a inda take tun asali. Duk Alhamis jami'inku Malam Uzair yakan zo, ya hango ni zaune a fili, ya kau da kai, ya zagayo ta gaba ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama. In tambaya ko wane ne, sannan in buɗe. Ya cire takalmi, mu sha shayi a falo, ya rubuta cewa ya same ni a gida. Bawan Allahn nan ya cancanci ƙarin girma. Bai taɓa shigo mini ta bango ba, duk da babu bangon.

Na uku. Sau ɗaya ya tarar da ni a inuwar wata babbar mota, daidai inda ɗakin maƙwabcina Mukhtaru yake a da. Aka rubuta mini gargaɗin yawo a gidajen mutane. Na karɓa hannu bibbiyu.

Na huɗu. An kafa allo, za a gina otal a wurin. Shin adireshina zai bi ramin tushe ne, ko zai hau sama tare da benen? Ina so in san inda zan riƙa jira.

Na biyar. Amatullahi ta haihu, mace, Minnatullah. Ta waya na yi mata kiran salla a kunne, yayan uwarta na riƙe da wayar. An yi suna ban je ba. Yanzu ta fara takawa, kuma in an ce mata ina Baba, wayar take nunawa. Wannan kam yana ci mini rai, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba.

Saboda haka na janye roƙona na farko, kada in ƙara wahalar da ofisoshi biyu. Tunda ƙofar kuka sani a matsayin gidana, a ba ta ita izinin ƙaura. Ba ta taɓa tura alhaji ba, ba kuma sai Madina ta gan ta ido da ido ba. Ni rakiya kawai zan yi, in ɗauke ta a ka, don kada jami'i ya zo Alhamis ya tarar ba kowa a bayanta. Burina, ko sau ɗaya ne, ni ma in ƙwanƙwasa ta, a buɗe mini daga ciki.

Naka mai biyayya, wanda kullum ake samu a gida,

Suhaibu Yari,
Bayan koriyar ƙofa, Nakkasa, Makka, 2016.