Yadda Za Ka Ci Gaba da Take Wasa Bayan Doka Ta Soke Aikinka

Ɗan'uwa, in kai ne ɗan wasan da duk aikinsa a ƙungiyar kwalejinku shi ne taɓa ƙwallo a farkon wasa, gyara zama, ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na yi maka alkawari ranar wasan ƙarshe na cin kofi babu wanda zai taɓa ƙwallo a santa, wato tsakiyar fili, kamar kai. Ban ce za ku ci kofi ba, ka riƙe wannan tun yanzu.

Mu ce sunanka Rilwanu, kana karatu a Gwandu, gidanku yana Wurogauri. A da doka ta ce in an busa usur dole ƙwallo ta fara yin gaba, don haka mutum biyu ke tsayawa a tsakiya: kai ka ɗan tura ta, kyaftin Abdulhakeem ya karɓa. Ba ka da gudu, ba ka iya yanka, amma turin nan naka babu na biyunsa. Sai wasu mutane da ba su taɓa jin sunan Gwandu ba suka zauna can ƙasarsu suka ce mutum ɗaya ya isa, ya buga ta duk inda ya ga dama. Labarin ya daɗe a hanya, amma ya iso kunnen Koci Garba, har ya fara kallon Ibrahim ɗan aji ɗaya, wanda da gaske ya iya ƙwallo.

Abin takaicin kuma, ka riga ka gaya wa mutanen gida cewa in ba ka taɓa ba, ba a fara wasa. Ga shi wasan ƙarshe da 'yan Kalgo za a yi, a filinsu, kusa da gida, kuma mahaifinka Malam Bawa ya ce zai bar wa ƙannenka shanu ya zo ya gani da idonsa. In ya same ka a benci, kashinka ya bushe.

Mataki na 1: Kada ka yi gardama da doka

Masu gardama su ake fara ajiyewa. Kai dai duk ranar atisaye ka taka a natse ka tsaya kusa da kyaftin kamar ba abin da ya faru. In Koci ya ce, "Rilwanu, mi kaka yi nan tsakiya? Doka ta sake," kada ka daburce. Ka rage murya ka ce, "Koci, dabara ta. In mun tsaya mu biyu, ba su sanin wa za ya taɓa."

Zai gyaɗa kai. Babu kocin da zai yarda a gaban yara cewa akwai dabarar da bai sani ba. Kafin magariba za ka ji yana gaya wa wani malami shi ya ƙirƙiro ta. Bar masa, kai jesi kake nema.

Mataki na 2: Ka kama kyaftin

Dokar ta zo da wata ƙanwarta. A da wanda ya ci jefa ƙwandala raga kawai yake zaɓa, yanzu yana iya cewa shi zai take wasa. Wannan ita ce ƙofarka, domin in 'yan Kalgo suka take, sai bayan hutun rabin lokaci naku zai zo, kuma ni da kai mun san ba ka kaiwa lokacin a fili.

Ka samu Abdulhakeem yana cin awara a bakin kwaleji, ka ce, "Kyaftin, in kac ci ƙwandala ka zaɓi takewa. Manya dut haka sunka koma yi." Ba zai tambaye ka waɗanne manya ba, yana tsoron a ce ba ya zuwa gidan kallo.

Mataki na 3: Ka rufe bakin gola

Golanku Zayyanu shi kaɗai zai kawo matsala. Ya san filin Kalgo gabas da yamma ya kwanta, bayan la'asar kuma ake wasa. In kuka zaɓi takewa, 'yan Kalgo za su zaɓi raga su bar rana a bayansu, shi kuma ta tsaya masa cikin ido. In an juya bayan hutu, ta riga ta faɗa bayan darbejiya, golansu zai sha inuwa.

Zai ce, "Rana hwa? Wa za ya tare min rana?" Ka dafa kafaɗarsa ka ce gola irinsa ko da ido rufe yana kamawa. Ka aro masa hular hana-sallah. Ba za ta yi masa komai ba, amma duk wanda aka yi wa kyauta yana jin nauyin ƙara magana.

Mataki na 4: Ka zaunar da Baba

Ka nemo masa benci daidai layin tsakiya, nesa da ragogi biyu. Abin da ke faruwa a bakin raga hayaniya ce kawai, ba ta dace da dattijo ba. Ka gaya masa, "Baba, nan tsakiya za ka riƙa dubi, nan aikin yake."

Mataki na 5: Ka take kamar mai buɗe masallacin Juma'a

In Allah ya ba ku ƙwandala, kada ka yi sauri. Ka gyara ƙwallo, ka ja baya, ka sake gyara ta. Ka dubi rafali, ka dubi sama. Da an busa, ka tura wa kyaftin, sannan ka nemi gefen da ƙwallo ba ta cika zuwa ba ka riƙa nuna wa mutane wuri da yatsa.

Mataki na 6: Ka yi haƙuri, rana za ta yi sauran

Ga sirrin da ba a koyarwa a kwaleji: duk wanda aka zura wa ƙwallo, shi ke sake takewa. 'Yan Kalgo za su gane da wuri cewa duk abin da suka ɗaga sama Zayyanu ba ya gani. Za su ɗaga. Kowace ta shiga, ka ruga ka ɗauko ta daga raga, ka rungume ta, ka taka zuwa santa kai a sama. Kada ka dubi fuskar Zayyanu, hawayen da za ka gani na rana ne, ko aƙalla rabinsu.

Kafin hutu za ka take wasa har ƙafarka ta gaji. Koci ba zai cire ka ba, yana can yana zagin gola.

Mataki na 7: Ka karɓi yabo

Bayan an tashi, 'yan Kalgo na zagaye fili da kofi, Baba zai taso da sandarsa. Zai riƙe hannunka a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun kana ƙarami. Zai ce, "Ni ban san ƙwallo ba, amma na gani. Dut sa'ad da anka kunyata mutanenku, kowa ya sadda kai, kai ɗai ka ɗauko musu ita ka koma tsakiya ka tsaya. Ba kowa ka iya wagga tsayuwa ba. Allah shi yi ma albarka."

Ka ce amin. Za ka ji daɗi, daɗin da ba ka taɓa ji ba, kada ka ɓata shi da tunani.

Daidai nan Zayyanu zai zo wucewa, ido jawur, hana-sallah a hannu, an riga an gaya masa ya ajiye safar hannu. Baba zai tsayar da shi ya ce, "Sannu yaro, ka sha wuya." Sannan ya juyo gare ka da zuciya ɗaya ya tambaya, "Rilwanu, wane marar imani na yab bar ɗan mutane huskantar rana haka?"

 Zayyanu zai tsaya yana kallonka.

Sanarwa

Mai wannan jagora ya cika alkawarinsa, ka taɓa ƙwallo a santa fiye da kowa. Babu ruwansa da kofin da ya kwana a Kalgo, ko idon Zayyanu, ko fushin Koci Garba. Haka kuma bai tanadi mataki na takwas ba. Baba yana riƙe da hannunka yana jiran amsa, kuma duk abin da ka gaya masa, kai ka faɗa.