Ranar da Fetur Ya Tuɓe Tanimu

Wani mutum ne a Tudun Wada, Tanimu, wanda in ya buɗe baki a majalisa sai ka rantse shi ya haƙa rijiyar mai ta farko a duniya. Wai ya taɓa aiki a wani kamfanin mai can kudu. Aikin me? Oho. Sai ya turo hula gaban goshi, ya kumbura murya: "Ni fa fetur ya san ni, na san shi. Da shi muke wanke hannu in za mu ci abinci!"

To, Tanimu yana neman wata bazawara, Ladidi, mai manema kamar ƙudaje. Ranar da aka ce ya zo gaida mahaifiyarta, Inna Kande, ya zuba farar shadda mai sitaci, ya hau babur, sai gidan.

Ya tarar injin markaɗen Inna ya mutu, mai ya ƙare, ga robobin mutane jere. Tanimu ya ce a ransa, yau zan binne sauran manema.

"Inna, a ba ni tiyo. Daga tankina zan zuƙo miki."

"A'a Malam Tanimu, da wannan farin kaya?"

"Haba Inna! Ai aikinmu ne."

Ya zura tiyo, ya saci kallon Ladidi, ya ja da ƙarfin tsiya. Ɓulɓul! Fetur ya cika masa baki. Ya furzar, tiyo ya kuɓuce, ya yi masa wanka tun daga wuya har cikin wando.

"Subhanallahi!" in ji Inna. "Maza shiga makewayi ka tuɓe. Ga ruwa, ga sabulu, ka wanke jikinka sosai. Kayan a shanya su waje."

Ya tuɓe a gidan surukai? Ranar gaisuwa? Bayan duk cika bakin nan? Ya yi wata dariyar manya, ya zaro kwalbar turare, fis, fis, fis.

"Inna, wannan ai sanyi ne a wurina. Yanzu zai bushe."

Aka shimfiɗa masa tabarma. Da farko kam sanyin ya ji. Can sai cinyoyi suka fara raɗaɗi kamar an zuba masa barkono a wando. Ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Ya ɗaga gefe guda, ya ajiye, ya ɗaga ɗayan.

"Lafiya dai?" in ji Ladidi.

"Ƙalau. Haka muke zama a kudu."

Ido ya yi jawur, gumi sharkaf, kansa na juyawa, amma bakin bai mutu ba. Yana cikin ba ta labarin yadda ya taɓa kashe gobarar tanka da hularsa, sai ga kakar Ladidi ta fito daga ɗaki. Tsohuwa ce, ido ya tafi, kunne ya tafi, hanci kawai ya rage mata. Tana riƙe da kasko, garwashi jajir, turaren wuta na tashi.

"Wane irin wari ne baƙonmu yake yi haka? Ɗaga rigar, ɗan nan, in turara ka."

"Kaka, tsaya!" in ji Ladidi. Ina! Tsohuwa ba ta ji ba, ta nufo shi.

Tanimu ya dubi garwashi, ya dubi rigarsa. Wuf! Ya yi tsalle ya haye turmi.

"Wayyo Allah! Ku riƙe ta! Zan kama da wuta! Wallahi ni gadi na yi a kamfanin, gadi!"

Riga ta yi gabas, hula ta yi yamma, ya faɗa makewayi. Sai kwacal-kwacal kake ji, yana dirza da sabulu yana kiran a ƙaro ruwa.

Inna ta shanya kayan can bayan katanga, ta ce ba za su shigar mata gida ba. Gidan kuwa babu namiji. Ta miƙa masa zaninta da mayafi ta saman ƙyaure. Da ya fito, babur ya ƙi tashi, don tiyon nan ya zubar da man tas a ƙasa. Haka ya lulluɓe fuska ruf, ya kama turi.

Hanya kuma ta gaban majalisa ta bi. Abokinsa Sallau ya miƙe zumbur.

"Kai jama'a, wata mata ta sace babur ɗin Tanimu!"

Ca! Aka yi mata zobe. Sallau ya fizge mayafi. Ya dubi zanin, ya dubi gemun, sannan ya rusuna cikin ladabi.

"Tanimu, neman aure ka je, ko kai aka auro?"