Kukan Bikon Sallau

Kuluwa ƙawata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da yara, akwai abin da ya tsaya min a ƙirji tun ranar Laraba. In ban amayar miki ba cikina zai kumbura. Allah Ya yafe min in da gulma a ciki.

Kin san Sallau mai gyaran keke na bakin kasuwa. Shi ne mai cika bakin nan, wai ya taɓa korar kura da takalmin roba. Wai shi ne ya ƙi aikin soja don kakin bai yi masa kyau ba. To wata biyu ke nan matarsa Lantana tana gidansu. Mutum ya ci tsire a waje ya shigo yana sakace, ita da yara ya bar su da gayan tuwo. In ta yi magana ya ce ai ita da danginta jinin masunta ne, baƙin haure da suka shigo gari da ƙarnin kifi, ina suka san nama. Da wanki ya taru murhu ya yi sanyi, sai ya tashi biko. Mahaifinta Malam Jibo, dogon tsohon nan da ba ya son yawan magana, ya ce ya je ya dawo ranar Juma'a, ranar zai ji ko za ta koma ko ba za ta koma ba.

Ana cikin haka 'yan fim suka zo daga Kano suka sauka bayan dutse, aka ɗauke ni dafa musu abinci. Labarin fim ɗin, wai wasu halittu ne daga wata duniyar can cikin taurari, ruwan ƙasarsu ya ƙafe suka zo neman mafaka. Mutanen gari suka ce ƙazamai ne, suka killace su a shinge, suka kwashe musu duwatsunsu masu walƙiya. Ni dai da na ji sai tausayin dodannin ya kama ni.

Dodannin kuwa mutanen garinmu ne, dogaye sirara aka zaɓa. Kan dodo da soson katifa aka yi shi, aka shafe da koren fenti, idanu da rariyar shayi. Da gam ake liƙa shi a wuya, in an sa ba a cirewa sai an tashi salla. Darakta ya kafa doka, dodo ba ya magana, muryarsa a kwamfuta za a sa.

Ni aka ba takardar sunayen masu cin abinci. Kin san karatun nawa, sai na bi da yatsa. Ina bi ina bi sai na ga an rubuta dodo na uku, Malam Jibo. Na goge ido na sake bi. Shi ne dai. Da sassafe ya zo wurin murhu ya ce in rufa masa asiri. Darakta ne ya yi ta roƙonsa saboda tsayinsa, shi kuma ya daɗe yana son ganin yadda ake cusa mutum a talabijin, tunda za a rufe fuska sai ya yarda.

Sallau shi ma ya samu shiga, mai gadin shinge. Maganarsa ɗaya tal a duk fim ɗin: ku matsa baya. Amma ya zaga gari ya ce shi ne kwamanda, darakta yana ganinsa ya ce irin wannan ƙirjin ya jima yana nema. Har taurari ya yanka da murfin gwangwanin madara ya ɗinka a kafaɗa.

Laraba da rana ta take, na'urar ɗaukar hoto ta yi zafi, darakta ya ce a dakata. Dodanni shida suna zaune cikin shinge, zufa tana ɗiga daga ƙarƙashin soso. Na zuba musu shinkafa da miya, kowane kwano da yanka biyu, na jera a gindin tsamiya su ci bayan salla.

Sai ga Kwamanda, taurari suna ƙyal-ƙyal. Ya buɗe kwanon farko, caraf, ya ɗauke nama. Na biyu, caraf. Na ce Sallau ka ji tsoron Allah, abincin bayin Allah ne. Ya ce tun yaushe dodo ya zama bawan Allah, a duniyarsu ƙusa suke ci. Ya tattara naman duka a leda, ya shiga shinge yana ci yana zagaya su. Wannan ya zungure shi da sanda, wancan ya ce yana wari. Su kuwa shiru, doka ta hana.

Ya zo kan na uku ya tsaya. Ya dube shi sama da ƙasa ya kwashe da dariya.

"Kai dodo, wallahi wuyanka sak na tsohon najadun surukina. Tashi tsaye."

Na yi tari. Na sake tari har da buga murfin tukunya. Ya juyo ya ce in tarin fuka gare ni in matsa daga abincin mutane. Na ce shi ke nan, na sauke nawa nauyin.

Dodo ya miƙe a hankali. Sallau ya kira sauran masu gadi su zo su ga aikin gwani, zai nuna musu yadda zai wanke tsoho ranar Juma'a. Ya ce tsohon ba shi da wayo ko na ƙwabo, goro biyar da hawaye uku sun ishe shi. Lantana na dawowa ta gama wankin nan, to za ta gane kurenta, ko gaisuwar mutuwa ba za ta ƙara zuwa gidan masu ƙarni ba.

Ya zube a gaban dodo, rim. Ya kama ƙafarsa. Ya lakaci yawu ya shafa a ido.

"Baba na tuba, sharrin Shaiɗan ne. Tunda ta tafi ko ruwa ba ya wuce min maƙogwaro. Nama kuwa na yi rantsuwa na bar shi."

Ya ja majina, fiiit, kafaɗu suna rawa. Kuluwa, in ba a gabana ya shafa yawun ba, da na taya shi kuka. Ya tashi yana karkaɗe gwiwa, ya jefa yanka biyu a baki lokaci ɗaya, ya tambayi dodo ko ya yi. Dodo ya gyaɗa kai sau biyu. Sallau ya ce kun gani, har dabba ta yaba.

Daidai nan aka kira azahar. Mai kwalliya ta zo da ruwan ɗumi tana jiƙa gam. Ta cire na ɗaya, ta cire na biyu. Ta kama kan na uku ta ja, ɓaaat. Sai ga farin gemu ya jiƙe sharkaf, da koren fenti a kunne.

Kin san ko ruwa mutum ba ya sha a gaban surukinsa. To ga Sallau tsaye da takalmi, kumatu sun cika tam da naman tsohon. Ya haɗiye, ya ƙi wucewa. Ya tofar, ba hali. Ya tuɓe takalmi ɗaya, ya manta ɗayan, ya durƙusa. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa sai romo ya biyo haɓa. Ya fara kuka, wannan karon na gaske, amma ko kusa bai kai na farko kyau ba.

Malam Jibo bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki butarsa, ya nannaɗe hannun rigar dodo, ya dube shi.

"Kwamanda, ka huta da zuwa Juma'a, na riga na kalla. Ka riƙe goronka. Yanzu matsa baya, zan yi alwala."

Darakta da ke tsaye ya ce kai, Baba ya ma fi shi iya faɗar maganar.

Na yi sallar nan ina danne dariya har sai da na sake ta, Allah Ya karɓa. Don girman Allah Kuluwa ki bar shi a cikinki, ko maigidanki kada ya ji. Tsohon nan amana ya ba ni, har yau iyalinsa sun ɗauka gona yake zuwa.