Silbar Fentin Ƙofa

A shekarun tamanin ne tsatsa ta cinye bakin salansar motata, wato bututun da ke manne da inji. Emeka, bakanikena a Makera, ya ce in zaɓa: baƙin ƙarfe yau, ko silba da ba ta tsatsa, amma sai ta iso daga Legas. Ni kuwa Asabar zan kai Baba, surukina, ɗaurin aure unguwar Romi, kuma na riga na cika masa baki cewa silba zan sa.

Na sa baƙin, na shafe shi da ragowar fentin ƙofa ruwan azurfa. Har bonet na buɗe, Baba ya leƙa ya ce tubarkalla.

Ba mu bar Kakuri ba ƙaurin fenti ya taso. Na ce, "Baba, shara ake ƙonawa." Sai hayaƙi ya turnuƙe mu. Dattijon nan ya dira ba takalmi yana salati, jama'a suka yi ta ɗura wa injin yashi.

Baba bai taɓa tada maganar ba. Ƙannen matata kuwa, har yau in na ɗaura sabon agogo sai sun kankare shi da farce: "Yaya, silbar gaske ce ko ta ƙofa?"