Jarkoki Biyu a Kotun Aure

Ranar da na ga tambarina na man riɗi, raƙumi mai jan rawani, a jikin jarkar wani ɗan kasuwar Doka, matata ta ce in nemi lauya. Na ce ni da na san kotu tun rabon gadon mahaifinmu, me lauya zai koya mini?

Na ɗauki jarkata da tasa, na nufi kotun da na sani a Gadarif. Na zauna cikin masu rikicin aure, ina hura hanci.

Alƙali ya ce, "Ya Hajj, aure ne ko gado?"

"Tambarina aka kwaikwaya, Maulana."

Wata maƙwabciyarmu da ke bayana ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya ce wannan ba huruminsa ba ne, ya rubuta mini kotun da zan je, ya tambaya ko na yi wa tambarin rajista. Ban yi ba. Ba don shi ba, da raƙumin ya zama na wani.

Har yau a unguwa tambayata ake yi: "Hajj, jarkokin sun shirya, ko an raba auren?"