Rasuwar Ɗan Jamus, Sikelin Ƙofar Kware

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana ambaliya, Bawa Arzika, sarkin awo na kamfanin fatu da ƙiraga da ke Ƙofar Kware, shina sanar da jama'ar Sakkwato rasuwar babban sikelinshi, Ɗan Jamus, ranar Talata da hantsi.

Marigayin ya iso garin nan shekarar Udoji, cikin akwatin da ya fi ɗakin Bawa girma. Mota da kayanta takan hau bayanshi, bai taɓa nishi ba. Bai san ɗan sarki ba, bai san soja ba. Kuma ba ya jin maganar kowa a Sakkwato, sai ta manyan kamfani da ke Ikko. Su buga saƙo can, injin teles shi yi kat-kat-kat nan, takarda ta fito, Ɗan Jamus shi ce ƙiiit, shi bi umarni.

Kowace safiya kalma guda Ikko ke aikowa: TARE. Bawa bai yi nisa a boko ba, amma wanga ko jaki ya karanta shi. Sai shi tara lebura su hau tare, har da Mairo mai fura da ƙwaryarta. Marigayin shi dube su, ƙarti jibga-jibga, shi ce ƙiiit, shi nuna sifili. A wurinshi ɗan Adam ba komai ba ne. Wane malami ya taɓa yin wa'azin da ya kai wanga?

Ciwon ajali ya soma da Ikko ta fara ƙorafin wai awo na fitowa da ragi kullum. Ranar Talata sunka aiko TARE sau uku a jere. Bawa ya gane ba a taru da kyau ba. Ya kira masu amalanke, ya kira Mode da raƙumanshi, anka turo motoci biyu shaƙe da ƙiraga, 'yan kallo sunka ɗare sama, makaɗi na kiɗa, Mairo na guɗa. Kai, ba a taɓa biki irin wanga ba! Marigayin ya ce ƙiiit, ya ce ƙii, ya ce ƙwas. Shi ke nan.

Daga baya wani akawu ya zo da zancen wai TARE kalmar Turanci ce, wai nufinta kowa shi sauka a bar sikeli wayam, shi koma sifili. Bawa na tambaya: in haka ne, me ya hana su rubuta SAUKA?

Marigayin ya bar matarshi teles, wadda ba ta daina kat-kat-kat ba tun ranar, tana neman sunan mutum guda da za a kora daga aiki. Ya bar ƙaramin sikelin rataye, da tabarmar Bawa.

Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne. Za a ɗauki gawa ranar Alhamis bayan Azahar, in manajan Ikko ya iso da tambayarshi ta wa ya hau. Bawa na roƙon duk wanda ƙafarshi ta taɓa bayan marigayin, mutum ko raƙumi, da shi hallara, kada a bar shi tsaye shi kaɗai gaban manaja.

A zo tare.